Auren Boston, In Ji Baturiya

Asabar, 24 ga Satumba, 1966, bayan la'asar

Gero bai zo ba. Mako na uku ke nan. Na je rumfar Bappa mai hatsi a Babbar Kasuwa, ya nuna mini buhuna a ninke, ya ce jirgin ƙasan da ke zuwa Inugu daga arewa yanzu ba hatsi yake saukewa ba. Ban tambaye shi abin da yake saukewa ba, shi ma bai faɗa ba.

Littafin nan na maigidana ne, marigayi Malam Na'Allah. Shi ya koya mini boko da idonsa ya fara rauni, don in riƙa karanta masa wasiƙun fatake. Shekara goma sha tara littafin yana ƙasan akwati. Yau na ɗauko shi don cikina ya cika da magana, wadda na saba gaya wa kuwa ita maganar ta shafa.

Ba fura ke nan. Mun koma sakwara, ni da Bafo. Doya dai ba ta hawa jirgi.

Litinin, 26 ga Satumba, da hantsi

In wani ya tsinci littafin nan wata rana, to ya sani sunanta Mgbafo. Duk unguwar Hausawan Anaca ba mai harshen ɗaukar sunan, sai muka gutsure shi ya zama Bafo. 'Yar Ibo ce. Mijinta ya mutu a shekarar da Malam ya rasu, ba ta haihu ba, dangin mijin suka fito mata da tukunyarta waje. Ina cikin takaba, ina daka ni kaɗai a tsakar gida, ta shigo neman ruwan sha. Ta sha, ta ga taɓarya ta biyu jingine da bango, ta ɗauka, ta shiga mini lugude. Da muka gama na zuba mata tuwo. Har yau ban ce mata ta zauna ba, ita ma ba ta ce za ta zauna ba.

Shekara huɗu ke nan yanar ido ta rufe mata gani, amma daka ba ta bari ba. In buga, ta buga. In lokacin juyi ya yi sai in ce "hm", ta riƙe taɓaryarta a sama, in zura hannu cikin turmi in juya, in janye, ta sauke. Delu maƙwabciyarmu kullum sai ta leƙo ta katanga ta ce, "Kubura, wata rana makauniyar nan sai ta mai da yatsunki sakwara." Ga su nan goma cif, da su nake rubutun nan.

Alhamis, 29 ga Satumba, da yamma

Maza sun taru a kan rediyon Idi tela tun azahar, wai ana kashe-kashe a arewa. Ba wanda ya zo cin abinci.

Asabar, 1 ga Oktoba, bayan azahar

Wai yau ranar bikin 'yancin kai. Ko gangar wasa ban ji ba.

Dogara mahauci ya iso daga Fatakwal, ba takalmi, ba hula. Su biyu suka tafi da ƙanensa. Aka tambaye shi ƙanen, sai ya ce a ba shi ruwan alwala. A gidan Ibon da ke bayanmu ma tun jiya ake kuka, nasu ne suka sauka daga Jos, ba su cika ba. Daga tsakar gidanmu kukan biyu duk ɗaya kunne ke jin su.

Bafo ta zauna a kan turmi ta kifa kai. Na ce ta tashi, ba a zama a kan turmi. Ta ce da wace Hausar ko da wane Ibon zan hana ta yau. Na ƙyale ta.

Litinin, 3 ga Oktoba, da hantsi

Matar da nake sayen doya a wurinta shekara goma ta dube ni ta ce, "Mama, una never go?" Wai har yanzu ba mu tafi ba? Ba da faɗa ta faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Bafo tana riƙe da gefen mayafina. Ta juya wajen muryar ta zazzage mata Ibo har masu tumatir suka miƙe. Muka dawo ba doya. Na ce mata to madalla, yau sai mu daka bakinki.

Talata, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

An yi shela. Duk ɗan arewa ya je gidan Sarkin Hausawa a rubuta sunansa, za a kawo manyan motoci su tsallake da mu gada zuwa Asaba, daga nan Lakwaja. An ba mu kwanaki.

Na je. Awwalu magatakarda ne da alƙalami, wanda ni na yi wa uwarsa wankan jego, yau ga shi da tabarau yana ce mini in bi layi. Takardar tasu gida-gida ce. A rubuta mai gida, a ƙarƙashinsa kowa da matsayinsa.

Ya ce, "Gwaggo, ke kaɗai ce ko?"

Na ce mu biyu ne.

Ya ajiye alƙalami. "Gwaggo, wa kike nufi?"

"Ka san wa nake nufi, Awwalu. Da furarta aka yaye ka."

Ya ce ya sani, amma mece ce ita a wurina? Ya karanto mini: mata, 'ya, uwa, ƙanwa, 'yar aiki. Na ce aminiyata ce. Ya ce ba gurbin aminiya. Na ce ƙawa. Ya ce, "Gwaggo, in aka ba ƙawa wuri a mota, rabin Anaca za mu kwasa." Na ce to ya rubuta 'yar aiki, kafin ya ɗaga hannu na ce kar ya soma, Allah ya kiyaye in kira ta haka ko a takarda.

Na dawo ban rubuta ko nawa sunan ba. Shekara goma sha tara tabarma ɗaya, tukunya ɗaya, na rasa kalma ɗaya da zan ba yaron nan. Na gaji.

Laraba, 5 ga Oktoba, da yamma

Mis Lorin ta zo. Baturiyar Amurka ce, tana koyarwa a makarantar 'yan mata ta hayin coci, ta kamu da son fura har tana zuwa da kwanonta. Yau ba fura, ta zauna a kan kujerar tsuguno gwiwoyinta har kunne. Da guntun turancina na kasuwa na ba ta labarin takardar Awwalu, Bafo tana cike mini gurbi.

Sai Baturiya ta ce ai a ƙasarsu irin zamanmu yana da suna. Ta ce "Boston marriage". Na ce me? Bafo ta fassara, wai auren Boston.

Na ce a'uzu billahi! Na miƙe na kaɗe zane. Aure? Ni da na yi takaba kamar kowa? Bafo kuwa dariya har da buga cinya.

Baturiya ta yi ja har wuya, ta ce in zauna in ji. Wai Boston gari ne a bakin teku a ƙasarsu. Tun zamanin kakanninta, shekara tamanin ko fiye, aka sami mata a can da suka yi karatu, ko suka ci gado, ko suka kama aikin koyarwa, ba su da bukatar namiji ya ciyar da su. Sai biyu su kama gida ɗaya su zauna har tsufa. Suka yi yawa a garin, mutane suka rasa yadda za su kira abin, sai suka laƙaba masa sunan garin. Na ce wa ke ɗaurawa? Ta ce ba kowa. Sadaki fa? Babu. Goro? Ba ta san goro a biki ba ma. Na ce to wannan ai ba aure ba ne, zama ne. Ta ce e, can ma masu surutu sun yi surutunsu, kowane gida da yadda yake, amma abin da kalmar ke nufi shi ne rufi ɗaya, tukunya ɗaya, in ɗaya ta kwanta ciwo ɗaya ta yi jinya.

Na ce to mu ba karatu, ba gado, turmi ne ya haɗa mu. Ta ce ƙanwar kakarta haka ta zauna da wata mata shekara arba'in da ɗaya.

Ba zan kai wa Awwalu wannan kalma ba, ya tara mini unguwa.

Alhamis, 6 ga Oktoba, bayan asuba

Ina sallame salla Bafo ta ce daga kan tabarma, "Amarya, an tashi lafiya?" Na jefe ta da mafici. Rabon da mu yi dariya tun kafin gero ya yanke.

Juma'a, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Sahu uku aka yi a masallaci, in ji Idi tela. A da har titi ake shimfiɗa.

Mis Lorin ta kawo mana doya biyu a kwandon kekenta. Kalmar nan ta hana ni sakat, sai na tambaye ta yadda ƙanwar kakar tata ta ƙare da matar. Ta ce ɗaya ta rasu, bayan shekara biyu ɗayar ta bi ta, aka binne su gefe da gefe, dutse ɗaya aka rubuta musu. Na ce ba wanda ya zo da mota ya ce ɗaya ta hau? Ta ce babu. Na ce to matan Boston sun ji daɗinsu.

Da ta tafi na ce wa Bafo ba inda za ni. In ɗaura zane irin nasu, Ibo kuwa ina ji kamar jakin kasuwa, in na yi shiru wa zai sani? Ta ce in matso. Ta sa yatsa ta bi zanen da wanzami ya yi mini a kumatu tun ina jaririya, ɗaya bayan ɗaya, har shida.

Ta ce, "Nwanne m, makauniya ma ta karanta wannan."

Haka take kirana, wai 'yar uwata.

Asabar, 8 ga Oktoba, da azahar

Tun da ni ba na ɓoyuwa a nan, ita ta ɓoyu a can. Fuskarta ba zane, Hausa a bakinta ta fi ta Delu, ta iya Fatiha don tsabar ji. Na koma wurin Awwalu na ce ya rubuta Dije, ƙanwar Kubura. Ya daɗe yana kallona. Ya rubuta. Sannan ya rage murya ya ce, "Gwaggo, na rubuta don ke ce. Amma ki sani ana tare motoci a hanya, gaba da baya. In aka gane ta a can gaba, ba ita kaɗai za a sauke ba."

Na yi niyyar in haɗiye wannan ni kaɗai. Ashe Delu tana bayana a layi. Ko mayafi ban cire ba ta leƙo ta katanga, muryarta har bakin kogi: "Kubura, ki ji tsoron Allah! 'Ya'yana huɗu za su hau motar nan. Kowa ya san ta a unguwar nan, baki ɗaya ya isa."

Bafo tana tsince wake. Ba ta ɗaga kai ba. Ba zan ce Delu ta yi ƙarya ba, shi ya sa nake jin kamar in shaƙe ta.

Lahadi, 9 ga Oktoba, da yamma

Kowace Lahadi ni ke kai ta ƙofar coci, in zauna a gindin mangwaro da carbina har su fito, kamar yadda ita ke tashina sahur. Yau ta ce kar in fita da fuskar nan. Mis Lorin ta zo ta ja ta.

Sun daɗe. Bafo ta dawo da fara'a, ta ce ta yarda, ita ce Dije. Har ta sa na yafa mata mayafin Malam na salla tana gwada tafiya. Na ji daɗi, amma na yi mamaki. Bafo ba ta taɓa yarda da magana ba sai an kai ruwa rana.

Litinin, 10 ga Oktoba, bayan azahar

Shagon Idi tela babu shi. Ba zan rubuta yadda aka yi ba. Shi dai yana da rai.

Bafo ta ce mu dafa doyar Baturiya mu daka, duka biyun. Na ce wa zai ci? Ta ce mu. Muka yi lugude kamar ana biki, tana ƙara wuta ina ƙarawa, har da jefa taɓarya sama tana tafi ta cafe, abin da rabonta da shi tun idonta na gani. Sau bakwai na ce "hm", sau bakwai ta tsaya. Ta ci da yawa. Ta ce in tsefe mata kai in yi mata kitso irin namu.

Talata, 11 ga Oktoba, bayan magariba

Da safe Bafo ta ce in je in karɓo mana katin mota kafin layi ya yi tsawo. Na je. Layin ya riga ya yi tsawo. Sai la'asar na karɓo, biyu, Kubura da Dije.

Na tarar da ƙofa a sakaye. Mis Lorin tana zaune a kan kujerar tsuguno, idonta ya kumbura. Tabarma tana nan, akwati yana nan, mayafin Malam a ninke a kai. Turmi yana nan. Taɓarya ɗaya.

Ranar Lahadi ashe saƙo ta bayar a coci, aka kai ƙauyen mijinta, can bayan Ogidi. Obiefuna ne ya zo, ɗan wan mijin, wanda ubansa ya fito mata da tukunya waje. Matar da ta rantse mini ko gawarta ba za ta koma gidan nan ba, ita ta aika tana roƙo. Ya ce akwai ɗaki kusa da na awaki. Ta ce ya isa. Ya ce ta bar taɓaryar, nauyi ce, suna da tasu. Ta ce in ba taɓarya ba ita.

Na ce wa Baturiya, ke kin sani tun Lahadi? Ta ce e. Na faɗa mata maganganu da Hausa, gara da ba ta ji ba. Na ce wa zai ɗiga mata maganin ido? Wa ya san ba ta cin barkono da safe? Wa zai ce mata ga rijiya nan? Ta ce za ta riƙa zuwa a keke, muddin ba a kwashe su su ma ba.

Na ce ba ta bar mini magana ba? Ta ce ta bari, Bafo ta sa ta haddace da Hausa, ta maimaita mata har sau goma a hanyar coci. Baturiya ta miƙe tsaye kamar 'yar makaranta ta ce, "Amarya, ki hau mota."

Na yi kuka. Ban yi irinsa ba ko ranar da aka fita da Malam.

Laraba, 12 ga Oktoba, da hantsi, cikin mota

Kaya ɗaya kowane kai. Awwalu yana kiran suna. "Dije, ƙanwar Kubura!" Sau uku. Ya dube ni, ya ja layi. Delu ta matsa mini wuri, ban zauna kusa da ita ba.

Asabar, 15 ga Oktoba, Lakwaja, bayan la'asar

An tare mu sau huɗu. A na uku sun sa kowace mace ta buɗe fuska ta faɗi garin ubanta da sunan mai unguwarsu. Abin da zan rubuta ke nan game da hanya.

An zuba mu a filin wata makaranta. Nan ma takarda. Wani ma'aikaci da gajeren wando ya ce, "Inna, kin baro wani a can? Miji, ɗa, ɗan'uwa?" Na buɗe baki. Duk Hausar da na sha a nono, ba abin da ya zo mini sai kalmar Baturiya. Na haɗiye ta. Ya jira, ya rubuta babu, ya ce na gaba.

Wai gobe ko jibi za a kai mu Kaduna, daga nan kowa ya nemi garinsu. Rabona da Kazaure shekara talatin da ɗaya. Ban san wa zan yi wa sallama ba.

Litinin, 17 ga Oktoba

Ba mota. Na gaji.

Talata, 18 ga Oktoba, da yamma

Rubutun yau da hagu ne, mai karatu ya yi haƙuri.

An kawo gero buhu biyu, sadaka daga mutanen gari. Na sa hannu a ciki na daɗe ban fitar ba. Mata suka ce wa ta iya fura, Delu ta nuna ni. Aka aro turmi a maƙwabta. Taɓarya kuwa ba a aro mini ba, ita ce kaya ɗayan da na hau mota da shi, akwatin na bar wa Baturiya, littafin nan a ƙugu na ɗauro shi.

Zuliha, matar wani ɗan dako daga Inugu, ta kama ta biyu. Mace mai ƙarfi, ido tar. Na buga, ta buga. Hannunta ya faɗa daidai, ƙamshin gero ya taso, na lumshe ido. Da lokacin juyi ya yi na ce "hm", na zura hannu.

Yatsu biyu. Mai ɗori ya ce na tsakiyan ba zai miƙe ba.

Zuliha ta yar da taɓarya tana kuka, tana riƙe da hannuna, jini har zanenta. "Wayyo Gwaggo, ki yafe mini! Ai ba ki ce in tsaya ba!"

Na ce mata na ce.